Girgiza Kai a Albaniya

Har in koma ga Allah ba zan manta da bikin Sadiƙ, ɗan ƙanena, ba. Yana karatu a College Park, nan Amurka, ya haɗu da Drita, 'yar Albaniya, aka ce ni zan je ƙauyensu a matsayin waliyyin ango. Murna kamar in yi tsalle! Muna samari Albaniya a kulle take ruf. Ta yi abota da Rasha suka ɓata, ta koma Sin suka ɓata, sai ta rufe ƙofa ta zauna ita kaɗai. Yau ga ni zan shiga da babbar riga.

Tun daga gidanmu na Wheaton nake cika wa uwargidana Hajiya baki cewa tsofaffin Albaniya sun yi Rashanci a makaranta, ni kuma a Mosko na yi injiniyanci.

"Alhaji, ka dai bari yarinyar ta yi maka tafinta," in ji ta.

"Ni? Mai harshe biyar?" (Da Hausa nake lissafin.)

Ƙauyen ya burge ni, duwatsu kamar na Jos, ga ƙananan gidajen kankare na fakewar sojoji ko'ina, wasu an mayar da su ɗakin awaki. Dangi suka cika tsakar gida. Na miƙe na fuskanci kakan amarya, na tambaye shi da Rashancina mai tsatsa, "Kun amince da ɗanmu?"

Tsoho ya girgiza kai.

Na maimaita da ƙarfi. Ya sake girgizawa, har da murmushi. Na duba, kawunai da gwaggwanni duk girgizawa suke. Raina ya ɓaci. Mu ƙetaro teku a wulaƙanta mu?

Na naɗe riga na daka tsawa da Hausa, "Sadiƙ, tashi mu tafi! Mata ba su ƙare ba!"

Drita ta biyo ni da gudu. "Baba, ina za ka? A nan girgiza kai na nufin e. Sau biyu Kaka ya ba ku ni."

Hajiya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Sadiƙ kuwa, mara kunya, ya fassara musu "mata ba su ƙare ba" kalma-kalma. Tsohon ya yi dariya har da hawaye, ya jawo ni ya sumbaci kumatuna biyu.

Yanzu duk ƙasar da na sauka, kafin in buɗe baki sai na tambayi yadda suke cewa e da ka.