Gugar Rigar Wakili Sai Dubu Biyu da Hamsin

"...lafiya lau, tsohuwa. Ya ƙafar? Haƙoran nan biyu fa, suna nan ko an yi rashi?"

"Suna nan daram, sun fi maganarka tsayuwa. Me ya kawo maigidana da sassafe haka, ba ko ledar cefane?"

Ƙanena ne tsaye a ƙofar ɗakin Kaka, daga shi sai singileti da wando, ya rungumo wata farar riga da ta yamutse kamar an ƙwato ta daga bakin akuya. Tun da ya samu aiki a ma'aikatar makamashi muke kiransa Wakili. A safiyar nan ce wakilan ƙasashe goma sha biyu za su zauna a babban zauren taro, su tsayar da yadda za su rage hayaƙi su daina ƙona gawayi da mai daga nan zuwa shekaru masu nisa. Ogansa ya kwanta mura, murya ta dishe, aka ce Wakili ne zai karanta matsayin ƙasarmu. Bai taɓa samun dama irin wannan ba, ga shi rigar da zai sa ke nan.

An ɗauke wuta tun jiya. Mai wanki da guga ya kulle shago da sauran kayansa a ciki. Janaretan gidan kuwa, Wakili da kansa ya tara mu masu haya ya yi ta yi mana wa'azi har aka sayar da shi. Dutsen guga na gawayi guda ɗaya ne ya rage a duk benen, kuma na Kaka ne. Ni yayarsa na ajiye tsumman goge ƙasa na jawo kujera, don na san yau akwai kallo.

"Amarya, taimakon mijinki za ki yi. Ɗan goge mini rigar nan, mota na jirana a ƙasa."

"Da me zan goge? Da tafin hannu?"

"Da dutsen nan naki mana."

"Wanda ka saya mini mai igiya? Ga shi can na tokare ƙofa da shi. Ya iya aikin ƙwarai, Allah ya yi maka albarka."

"Na gawayin nake nufi."

Kaka ta dafe ƙirji ta juyo gare ni. "Ke, kin ji? Gawayi ya ce. Da bakin nan da ya ce hayaƙin dutsena ne ya narkar da ƙanƙarar ƙarshen duniya."

"Ban ce ke kaɗai ba."

"Ka ce ni ce ta uku. Daga masu jiragen sama, sai masu manyan masana'antu, sai ni."

"Ai don kin fi su daɗewa kina yi ne. Ke fa tun kafin a kunna rana kike hura wuta."

"To da wutar tawa aka kunna ta, marar kunya. Ka taɓa gode mini?"

Laifin Wakili ne, ba na kowa ba. Duk makon nan ɗakinta yake zuwa yana gwada jawabinsa a kanta, saboda ita kaɗai ce a gidan ba ta iya tashi da sauri ta gudu. Mu muna tsammanin gyangyaɗi take yi, ashe hadda take. Ta gyara ɗankwali, ta yi gyaran murya, ta ɗora hannu ɗaya a kan ɗaya.

"Gwamnatin ɗakin nan ta karɓi kokenka, kuma ta damu matuƙa. Saboda haka na ɗauki alkawari a gaban duniya: daga nan zuwa shekara ta dubu biyu da hamsin, ba za a sami yamutsi ko ɗaya a jikin rigar nan ba."

"Dubu biyu da me? Yanzu fa za a buɗe taro!"

"Kada ka tayar da hankalinka, akwai zangon tsakiya. Zuwa dubu biyu da talatin da biyar zan gama hannun dama."

"Lokacin ai kin daɗe da zama labari."

"Shi ya sa na yi alkawarin da ƙarfin zuciya. Ogan naka mai mura, shi zai gani? Shekaranjiya na hango shi a talabijin, ya fi ni kusa da tafiya."

"Kaka, don Allah."

"To, tunda miji ne, na ƙara maka. Zan rage yamutsin da kashi arba'in cikin ɗari."

"Yau?"

"Ai an riga an rage. In ka kwatanta da ranar da aka matse ta daga ruwan wanki, ka ga ci gaba ko ba ka gani ba? Iska ce ta yi aikin, amma a barandata aka shanya, don haka nawa ne."

Direba ya danna hon a ƙasa. Wakili ya leƙa taga ya ɗaga masa hannu, ya dawo ya durƙusa a gabanta, ya canza salo.

"Kyakkyawa. Hasken benen nan. Ke da in kin yi murmushi ake ganin har maƙogwaro. Fito da dutsen, ni da kaina zan goge."

"Kai? Ranar da ka ce za ka dafa ruwan zafi tukunya ce ta dahu. Kuma ba ni kaɗai ke da magana ba, sai duk ƙasashe sun amince. Ni ke da dutse. Yayarka ke da buhun gawayi a kicin, ita ce ƙasa mai arzikin ƙarƙashin gado. Ga kuma ƙaramar ƙasa can."

Ta nuna kyanwarta, wadda ta haye kan filo a tsakiyar falo saboda na jiƙa ƙasa da ruwan gogewa.

"Wannan kyanwa ce."

"Tsibiri ce. Ba ka ga ruwa ya kewaye ta ba? Ita ta fi kowa shiga haɗari, ita kuma ba a taɓa tambayarta. To yau za a tambaye ta."

Ban san lokacin da na tsinci kaina a ciki ba. Yaron nan ya sayar mana da janareta a tsakiyar zafi, ban manta ba. Na ce, "Ƙasata a shirye take ta ba da gawayi, da sharaɗin ƙasar Kaka ta fara fito da dutse."

"Ni kuma ba zan fito da dutse ba sai na ga gawayi da idona."

"Ni ma sai na ga dutse."

"Yaya, har da ke?"

"Ni wakiliyar jama'ata ce, ba ni da ƙane a nan."

Kaka ta ce a jefa ƙuri'a. Ta ɗaga hannu, na ɗaga. Kyanwa ta ɗaga ƙafar baya ta hau lasa.

"Tsibiri ta ƙaurace. To tunda ba a samu baki ɗaya ba, an kafa kwamiti. Zai zauna baɗi, in ƙafata ta yi sauƙi."

"Wallahi zan ƙaƙaba miki takunkumi. Daga yau ba batirin rediyo, ba man zafi."

"Ni kuma in janye jakadiyata mai gashin baki daga ɗakinka, ɓeraye su kafa gwamnati."

"Zan sake ki!"

"Sake ni mana. Wa za ta kwashe ka da kunnuwan nan masu kama tashoshi? Ni ma haƙuri nake yi, don na san uwarka."

"Zan faɗa wa ƙasashen nan goma sha biyu cewa na gano tushen matsalar. A zo da mota a ɗauke ki, a ajiye ki gidan tarihi kusa da tsohon jirgin ƙasa mai hayaƙi, yara suna biya suna kallo."

"In dai akwai fanka a can, yanzu ma a zo."

Ya miƙe ya fara leƙe-leƙe, ƙarƙashin gado, bayan kwaba, cikin kwandon wanki. Kaka ko motsi ba ta yi ba, sai ma ta ƙara baje zani. A kan dutsen take zaune tun shigowarsa, ta ɗora masa matashi.

"Kada ka wahalar da kanka, maigida, akwai hanya mai sauƙi, a jawabinka na koya. Mai gyaran agogo na ɗakin ƙasa yana da riga gogaggiya fes, a rataye, ba ya sawa. Sai a lissafa gugarta a kan taka. Kai ka tafi da wannan a haka. Duk wanda ya yi maka magana ka ce masa, in an haɗa jimla, benenmu a goge yake."

"Ai ba haka abin yake ba!"

"Yaya yake?"

"To, kusan haka yake. Amma akwai masu bincike."

"Tsibiri za ta bincika."

Hon ya sake tashi, wannan karon dogo. Wakili ya zauna a bakin gado da rigar a cinyarsa, ya hau shafa ta da hannu kamar hakan zai yi wani abu. Sai tausayinsa ya kama ni. Mahaukaci ne a kan aikin nan, amma da gaske yake yinsa, kuma na san irin dararen da ya kwana a kan takardun.

"Kaka, ba ƙarya muke yi ba," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Tashar wuta ba a gina ta a wata guda. In ba a sa shekara ba, babu ƙasar da za ta fara, kowa jiran maƙwabcinsa zai yi. In na shiga zauren nan a haka, rigar za su kalla, ba wanda zai ji abin da na ce."

Kaka ta kalle shi ta gefen ido, ta ɗan ɗaga jiki, ta zaro dutsen daga ƙarƙashinta.

"An kira taron gaggawa. Ke, kawo gawayi. Kai kuma, mijin banza, hura."

"Ni?"

"A'a, tsibiri."

Haka mutumin da zai je ya shelanta wa ƙasashe ƙarshen gawayi ya tsuguna a baranda, yana fifita garwashi da fayil ɗin jawabinsa. Hayaƙi ya shige masa ido, hawaye shaɓe-shaɓe. Maƙwabta suka fara leƙowa.

"Da ƙarfi! Wannan ne kawai amfanin da takardar nan ta yi tun da aka rubuta ta."

"In duniya ta ƙara zafi yau, ke ce."

"Kai ne. Ni kamfani ce kawai, kai ne mai saye. Sai a rubuta hayaƙin a sunanka."

Ta shimfiɗa bargo a kan tebur, ta lasa yatsa ta taɓa gindin dutsen, ya yi cas. Hannuwan nan nata da suka zama kamar ƙirare, da suka riƙe dutsen sai suka tuna aikinsu. Ta bi wuya, ta bi hannuwa, ta fitar da kari mai kaifi. Tari ya sarƙe ta a tsakiya, ta dafa tebur har ya lafa.

"Wannan tarin fa, tsohuwa? Yaushe za ki bari in kai ki asibiti?"

"An sa masa wa'adi shi ma. Matsa, kana tare mini haske."

Hon na uku ya tashi. Ta ɗaga rigar ta kaɗa, ta riƙe masa ita ta gaba. Ya zura da sauri, ya ɓalla maɓallai, ya tsaya gaban madubi. Gaskiya ya yi kyau, har na ji alfahari ya taso mini. Gaban rigar sumul, sai ɗaukar ido yake.

"Amarya, na maida ke ɗakinki. Na fasa sakin."

"Na gode, ranka ya daɗe."

Ya juya zai ɗauki fayil, sai na ƙyalla ido na ga bayansa. Dariya ta ƙwace mini har na zame daga kujera. Daga kafaɗa zuwa ƙasa, bayan rigar yana nan yadda akuya ta bar shi, dutse ko sau ɗaya bai bi ta wurin ba. Wakili ya murɗa wuya a gaban madubi ya gani.

"Kaka! Bayan fa?"

Tana juye garwashi a kasko, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Na bar wa 'ya'yanka. Ba haka kuke yi ba?"

Matarsa ta gaske na ɗauke da cikin fari, kuma na ga maganar ta shige shi har ƙashi. Ya daɗe yana kallon bayan rigar a madubi. Can sai kafaɗunsa suka fara girgiza, dariya ta ɓarke masa, ya riƙe ciki, ya durƙusa ya kama hannunta mai baƙin gawayi ya ɗora a kansa.

"Na sallama, tsohuwa. Kin kayar da ni a gaban ƙasashe uku."

"Tashi, kada ka ɓata mini gaban ma."

Ya fita a karkace, bayansa manne da bango, yana sauka matakala a gicciye har ya kai mota.