Dama Yake Ja

Ba zan taɓa mantawa da wannan Juma'ar ba, ko da yake in za a bi gaskiya, shekarar ta kwance mini. Cikin shekarun saba'in ne dai, lokacin da jiragen kaya suke jerin gwano a teku suna jiran shiga tashar Jidda. Mai yiwuwa wasu abubuwan na ƙara musu gishiri ba da sanina ba, wasu kuma na rage saboda kunya.

Ban daɗe da zuwa daga Sudan ba a lokacin, da takardar shaidar karatun injiniya a leda. Ina zaune wurin kawuna a Sharafiyya, na kuma samu aikin gwaji a wata warsha, wato garejin gyaran injuna, a Ruwais. Mai wurin, Abu Faisal, ya ce in ya gamsu da aikina zai zama kafilina ya yi mini iƙama, wato takardar izinin zama. In bai gamsu ba, jirgin Port Sudan bai daina tashi ba. Haka ya faɗa, yana murmushi.

Wata rana aka jawo jirginsa na shaƙatawa a kan tirela. Irin wanda ba shi da farfela a waje ne, ruwa yake zuƙa ta ƙasa ya feso shi ta wani bututu a baya, sitiyari kuma bakin bututun yake juyawa. Abu Faisal ya ce yana ja gefe guda, ran Juma'a kuma surukansa za su zo bakin teku a Abhur su gan shi. Ya ce sauran bayani in tambayi Bakur.

Bakur shi ne direban jirgin. Bahaushe ne haifaffen unguwar Bani Malik a nan Jidda, Hausarsa ta wurin kakarsa ya tsinta, yana ji sosai, amma in zai yi magana sai ka ga kamar yana ɗauko kalmomin daga saman kabad. Da Larabci na yi masa magana da komai ya tafi daidai. Amma ina so ya san ni ma Bahaushe ne, ɗan gida. Ana ta goge ƙarfe a bayanmu, na ɗaga murya na ce, "Ɗan'uwa, ta ina yake ja?"

Ya ce, "Dama yake ja, ya Muhandis." Injiniya ke nan da Larabci.

Na ce, "Dama?"

"Dama, wallahi."

(Ina so a shaida cewa na sake tambaya. Wannan ne kaɗai abin da nake da shi na kare kaina.)

Na duba ragar da ruwa ke shiga, babu ciyawa. Na bi wayar sitiyari daga farko har ƙarshe, lafiya lau. Sai na tarar sandar da ke tura bakin bututun ta ɗan lanƙwashe, wataƙila jirgin ya daki dutsen murjani. Abin da ya dame ni shi ne, a yadda ta lanƙwashe, hagu ya kamata ya ja. Na zauna na yi tunani mai zurfi, har na samo bayani daga karatun da na yi kan jujjuyawar ruwa, wanda ya nuna cewa mai yiwuwa abin da idona ke gani ba haka yake ba. Amfanin ilimi ke nan. Na bar sandar yadda take, na kwance noti, na karkata bututun don jirgi ya dawo hagu. Da na ɗaure, sai na ji zuciyata ba ta kwanta ba, na ƙara kaɗan. Washegari na sake ƙarawa, don kada a ce na yi sakaci.

Za a ce me ya hana ni gwada shi a ruwa. Abhur da nisa, tirelar ma ba kullum ake samun motar jan ta ba. Ban da haka kuma ban iya iyo ba, ƙetarowar da na yi daga Port Sudan a kwance na yi ta.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka shimfiɗa dardumai a bakin ruwa, surukai suka zauna, ana zuba shayi. Abu Faisal ya ce shi zai tuƙa da kansa, ya ɗauki babban surukinsa, ya ce, "Yalla ya Muhandis, shigo ka ga aikinka." Bakur ya tura mu ya tsaya a gaɓa.

Muna tashi jirgi ya nufi hagu. Abu Faisal ya murɗa sitiyari dama har ƙarshe, jirgi ya rage zafin kwanar kaɗan, ya ci gaba da hagunsa. A nan ne na ba da gudummawata ta biyu. Na tuna cewa irin wannan jirgi ba ya jin sitiyari sai da ƙarfin inji, na ce, "Ya ammi, ƙara wuta!" Ya ƙara. Maganata gaskiya ce a littafi. Abin da ya faru dai shi ne muka ci gaba da zagayen da muke yi, amma da gudu.

A tsakiyar da'irar kuwa akwai wani tsoho masunci a ɗan kwalekwalensa, yana cin burodi. Muka sa shi a hagunmu muna ta kewaya shi. Da farko yana juyo da kai yana bin mu, daga baya ya gaji ya koma kan burodinsa. Duk sanda muka zo ta gaban surukai sai igiyar ruwanmu ta hau darduma, su ja baya, mu tafi mu dawo. Rawanin babban suruki ya tashi. Da Abu Faisal ya kashe inji, wuri ya yi tsit, tsohon ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya karɓi ɗawafi." Shi ya ɗaure mu a bayan kwalekwalensa ya kai mu gaɓa.

Na sauka, na ce wa Bakur, "Ba kai ka ce dama yake ja ba?"

Ya ce, "Aiwa. Ka ce tun ina yake ja, na ce da ma. Min zaman, tun tuni!"

"Ta ina na ce!"

"To ai da ka tambaye ni yamin walla yasar, dama ko hagu, da halas, an gama."

Abu Faisal ya tsaya a kanmu, doguwar rigarsa na ɗiga, ya ce a fassara masa. Na san iƙamata tana cikin amsar, aikin Bakur ma haka. Na yi masa bayani da Larabci mafi ladabi da na iya, cewa a harshenmu hannun dama da "tun tuni" kusan kalma ɗaya ce, murya ce kawai ke raba su, kuma sandar na gan ta da idona na ƙaryata ta. Babban suruki ne ya fara dariya, yana matse gemu, ya ce tun da ya zo duniya bai taɓa yin ɗawafi a zaune ba. Abu Faisal ya ce, "Gobe ka miƙe sandar, ka shiga ruwa ka gwada, kai kaɗai. In ka dawo, ka kawo fasfo."

Na dawo. An yi mini iƙama, sana'a injiniya, amma a Ruwais Muɗawwif, mai jagorar ɗawafi, aka kira ni har na bar warshar. Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini dama, ko matata ce a kan hanyar kasuwa, sai ya nuna da hannu.

Akwai abu ɗaya da nake neman taimako a kai. Bakur yana gaya wa mutane cewa an jiyo ni daga gaɓa ina kiran "Inna". Ni ban tuna ba, kuma a lissafina ƙarar injin ba za ta bari a ji ba, ko da yake ba zan rantse ba. Duk wanda yake kan dardumar nan a ranar, don Allah ya aiko mini da abin da ya ji. In ya yi daidai da na Bakur, ba sai ya wahalar da kansa ba.