Tafintan Kalma Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Baba Ɗanjuma ya kai ni Kwadaso, can gefen Kumasi, ba. Falke ne na goro, ni kuwa ina neman auren 'yarsa Ladi, shekarata biyu kacal da zuwa Kumasi daga Katsina.

Ni na jawo wa kaina. Ina ɗinkin hula a bakin zaurensa, kuma ina da wata 'yar fasaha da nake burge jama'a da ita: kalmar "ba". Sai in gyara zama in ce, mu Hausawa da ita muke ƙi, da ita muke bayarwa. Moshi na kiran uba da ita, Wangarawa uwa, Asante kuwa ɗa. (A wurin masu aski na tsinto su, ɗaya bayan ɗaya.) Nan da nan aka ce ina jin harshe bakwai. Ban musa ba, har ƙara gyara hula nake yi.

Ranar nan Baba ya ce, "Za ka raka ni wurin wata tsohuwa mai gonar goro. Tafintana ba shi da lafiya."

Ta ina zan ce wa surukin gobe ban iya ba?

Muka isa, aka ba mu ruwa. Al'adarsu, baƙo sai ya bayyana abin da ya kawo shi, ko da an sani. Na miƙe. Tsohuwa ta yi magana mai tsawo da yaren Asante, na ce "yoo", wato to. Ta sake yi, na sake cewa "yoo".

"Me ta ce?" in ji Baba.

"Tana gaisuwa."

"Duk wannan?"

"Suna da tsawon gaisuwa, Baba."

Sai tsohuwa ta ajiye sandarta ta ce da Hausa, "Maigida, yaro nan bai ji komi. Sau biyu na ce shi zauna, kan kashin kaza shi ke tsaye."

Ashe shekara goma ta yi tana sayar da dawa a Zango, unguwar Hausawa. Wallahi na so ƙasa ta tsage. Su biyu suka gama maganarsu, ni ina goge takalmi da ganye.

Da muka zo dab da gida, Baba ya ce, "Ladi a nan aka haife ta, tana jin yarensu. Gara in ba ka ita, kada ka ɓata a garin nan."

Har yau ita ke yi mini ciniki a kasuwa. Ni kuwa in an tambaye ni harshe nawa nake ji, sai in ce ɗaya, shi ma sai an yi a hankali.