Haɓon da Ya Raba Ni da Limanci

Kakar shekarar da Nasara suka sauka daga mulki, ba zan taɓa mantawa da ita ba. A lokacin na komo ƙauyenmu, kusa da Gangara, daga neman ilimi a Katsina, rawanina ya fi gemuna cika. Limaminmu ya tsufa ƙwarai, dattawa kuma suna auna mutum biyu domin a sami magajinsa: ni da Malam Idi, ɗan wan mahaifina, wanda (a ganina na wancan zamani) bai kama ƙafata a karatu ba.

Tabkin da ke bayan masallaci ya ja baya, gansakuka ta rufe shi kore shar. 'Ya'yan kwaɗi suka taso sama matattu, shanu su shinshina su juya. Rijiya tana da nisa, sai jama'a suka tambaye mu ko alwala ta halatta da ruwan. Malam Idi ya ce ta halatta, ya yi shiru. Ni kuwa na bayyana cewa ruwan da ya jirkita da abin da ya tsiro a cikinsa mai tsarki ne, mai tsarkakewa, na kawo Larabcin, na fassara. Domin hujja ta cika, na tsuguna a gaban dattawa, na ture koren, na kamfata na sha har na ƙoshi.

(Jikata da ta yi lakol, wato karatun boko, mai zurfi a kan ruwan teku ta shaida mini daga baya cewa gansakuka tana sakin wasu sinadarai a ruwa, su ciyar da wasu halittun da ido ba ya gani, su hallaka wasu. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci. Ban tambaye ta a wane rukuni na faɗa ba.)

Liman ya yaba bayanina, ya ce in ja sallar la'asar. La'asar kuwa a ɓoye ake karatunta, saboda haka babu abin da ya rufe ƙugin cikina, har sahun baya an ji. A raka'a ta biyu alwala ta warware. Na tuna hukunci: liman ya gabatar da wani, ya fita riƙe da hanci kamar mai haɓo, domin sutura. Na miƙa hannu baya na jawo wanda na samu, ashe Malam Idi ne. Na kama hanci, na ratsa sahu cikin natsuwa. A bakin ƙofa natsuwar ta ƙare. Na tattare riga, na suri buta, na zura cikin karan dawa ba ko takalmi.

Washegari Liman ya dogaro sandarsa ya zo duba ni, ina kwance kamar wanki.

"Malam ƙarami, ya haɓon?"

Na ce da sauƙi, Baba.

"Madalla. Ni dai tun da nake, ban taɓa ganin haɓon da ke neman buta ba."

Dattawa suka ce tun da da hannuna na gabatar da Malam Idi, ba su ga dalilin mayar da shi baya ba. Na bi shi salla shekaru masu yawa, Allah ya jiƙansa, bai taɓa tayar da zancen ba sai dai ya yi murmushi in mun wuce tabki.

Hukuncin da na faɗa daidai ne har gobe. Sai dai tun daga ranar, in an tambaye ni a kan alwala, a kan alwala nake tsayawa.