Rasuwar Tsattsewa, Jar Mota Mai Kujera Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da sallamawa, dattijo Kuramochi Tadanobu na bayan garin Hamamatsu yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motarsa Tsattsewa, wadda ta bar hanya tana da shekara hamsin da takwas.

An haife ta a wata ƙaramar maƙera da ta daɗe da rufewa. Su talatin da ɗaya aka ƙera, dukansu da guduma aka bubbuge jikinsu a kan kututture. Ƙofarta ta hagu Tadanobu ne ya buga da hannunsa yana saurayi, kuma har yau sai an ɗan ɗaga ta take rufuwa, shi kuwa ya ce da gangan ne. Marigayiya mai dogon hanci ce, da rufi ƙasa-ƙasa. Matarsa Fumie, kafin rasuwarta, ba ta taɓa shiga ba tare da ta ce, "Ku da kuka ƙera abin nan, kun manta mutane na da kai ne?" Da sanyin safiya motar takan yi tari biyu, kuf, kuf, sannan ta saki gurnanin da ke tashin karnukan unguwa.

Jinyarta gajeriya ce. Watan jiya, da rana tsaka, ta faɗa gonar shayin maƙwabta ta kwantar da layi uku. Tadanobu ya ce birki ne. Bakanike Hirotsugu ya yini a ƙarƙashinta, ya fito yana goge hannu ya ce, "Baba, birkin nan ya fi ni lafiya. Je ka a duba maka ido."

An duba, aka ce idon ne. 'Yarsa Sachiyo ta zo daga Nagoya ta raka shi wurin 'yan sanda ya miƙa lasisinsa, suka yi masa godiya. Shi dai har yanzu birki yake cewa, kuma iyali na roƙon masu ta'aziyya kada su yi masa gardama.

Ta rasu ta bar 'yan'uwa shida, babu mai tafiya da ƙafarta a cikinsu. Ta bar tabon mai a daɓen gareji. Ta kuma bar tsoho mai shekara tamanin da uku, wanda take kaiwa kabarin matarsa kowace Lahadi, can kan tsauni inda bas ba ya zuwa. Wannan ne ke cin ransa, kuma babu maganinsa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma a ƙofar gida. Malamin ɗakin ibada zai ƙona mata turare, sannan a tsiyaye mata mai, a ɗauke ta zuwa gidan adana kayan tarihi, a kewaye ta da igiya. Wanda ya kawo furanni, ana roƙonsa ya haura da su tsauni ya ajiye wa Fumie. In ta ga Lahadi ta wuce mijinta bai zo ba, a gaya mata birki ne.