Surukan Yayata Masu Tsawon Yatsa

Ko zan manta komai na bikin Yaya Rahi, ba zan taɓa mantawa da lokacin da aka yaye leshin nan daga kan tebur ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Amma bari in fara faɗa muku wani abu, kada ku ɗauka ban iya aikina ba: a duk unguwarmu ta Moshi Zongo babu wanda ya kai ni sarrafa kwali. Ku ba ni kwalin madara da gam da reza, in gina muku masallaci har da hasumiyarsa. Zanen gini na karanta a nan Tamale, kuma ko a ajinmu ni ake kira in an zo yin ƙaramin samfurin gida. (Mma, mahaifiyata, tana cewa bakina ya fi hannuna aiki. Ban yarda ba, kunnen doki suke yi.)

Yaya Rahi yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma Fuseini za ta aura, ɗan gidan Alhaji Napari na unguwar Gumbihini. Su Dagomba ne, teloli tun kakanni, batakarinsu, wato rigar saƙi ta maza, har Ankara babban birnin ƙasarmu ake saye. Mu kuwa Moshi ne, Baba tsohon hedimasta, Mma nas ce a asibiti. Tun da aka kawo goro ake ta ƙus-ƙus a Gumbihini cewa Fuseini ya ɗauko 'yar gidan 'yan boko, masu kallon mutane daga sama. Har an jiyo uwar ango tana tambaya ko yarinyar ma ta iya durƙuso. Maganar nan ta ci wa Yaya rai ƙwarai, don ita ce za ta zauna a gidan, ba mu ba.

"Don Allah ƙanwata," ta ce min, "ranar bikin nan kada ki yi abin da zai sa su ce muna nuna musu ilimi."

Na ce ta kwantar da hankalinta, ni ce ma zan kashe maganar gaba ɗaya.

Dabarar da na yi, wallahi har gobe ina cewa mai kyau ce. Na gina fuskar gida da kwali, da ƙofa da dakali da bishiyar mangwaro, na ce zan tsayar da mutanen gidajen biyu a gabansa, kafaɗa da kafaɗa, kowa da hotonsa na gaske a manne a kwali. Ma'auni ɗaya ga kowa, kashi ɗaya cikin goma na tsawonsa. Babu babba babu ƙarami sai yadda Allah ya yi mutum. Duk wanda ya kalla zai ga gida ɗaya ne.

Na fara da namu. Mma ta jera mu a jikin bango ta auna mu kamar yadda take yi a asibiti, da santimita. Baba ya ba da ɗari da sittin da takwas, ka ga a takarda zai fito sha shida da ɗigo takwas, kusan tsawon tafin hannu. Na ɗauki hotuna na kai wa wani mai firinta a bakin kasuwa. Da na koma karɓa sai na tarar ya bar na'urar ta ja kowane hoto ya cika shafi, jaririyar gidanmu ta zama tsawon Baba. Ranar na yi masa wankin babban bargo a gaban mutane.

"Madam, mashin ne ya yi, ba ni ba," in ji shi.

"Mashin ɗin ne ke da shagon ko kai? Daga yau lambar da aka ba ka, ka raba ta goma, ka buga da santimita, ɗari bisa ɗari. Kada ka ƙara, kada ka rage, kada ka yi min tunani. Ni na karanta abin nan."

Ya ce yoo, ya ji. Bawan Allah kuwa ya riƙe maganata da hannu biyu.

Na gidan ango ne suka ja ni. Yau Alhaji ya tafi jana'iza, gobe wance ba ta yi kwalliya ba, ba za a ɗauke ta ba. Sai ana gobe ɗaurin aure Sanatu, ƙanwar ango, ta kira ni ta ce hotuna sun haɗu. Ni kuma ina zaune hannu da ƙafa cikin lalle, wayar ma a kunne aka riƙe min. Na ce ta auna kowa daga ƙasa har ka, ta tura wa mai firinta hoto da lamba kai tsaye.

"Da tef za mu auna?" ta tambaya.

"Da me kuma, da ludayi?"

To, tef ɗin awo gefe biyu gare shi, inci a ɗaya, santimita a ɗayan. Kowa ya sani. Ni ma na sani. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, gidan teloli nake aika wa saƙo, mutanen da tun da aka haife su ba su taɓa juya tef su kalli bayansa ba. Suka auna Alhaji Napari tsaf, babu kuskure ko kaɗan, suka rubuta saba'in da huɗu. Mai firinta ya raba goma, ya buga da santimita, bai yi min tunani ba.

Da safe ina can ina fama da ɗaurin kallabin amarya, sai na roƙi Gwaggo Asibi, ƙanwar Baba, ta karɓo ambulan ɗin hotunan a wurin mai firinta ta jera min su a gefen dama, ta rufe da leshi. (Gwaggo Asibi ita ce ba ta taɓa yafe wa uwar ango maganar durƙuson nan ba. Wannan ma ya kamata in tuna.) Ta dawo tana murmushi har kunne, ta dafa kafaɗata.

"'Yata, kin burge ni paa. Haka ake yi musu."

Na ce na gode Gwaggo, ina jin kaina yana ƙara girma.

Bayan la'asar aka cika ƙarƙashin kanofi, dangin ango a dama cikin batakari masu nauyi, namu a hagu, makaɗa suna ta zuba kirari. Mai gabatarwa ya ce ƙanwar amarya tana da kyauta ta musamman. Da na bar shi ya yaye kawai, da abin ya zo da sauƙi. Ina, sai da na karɓi lasifika. Na gyara mayafi, na yi sallama, na yi bayanin kwana nawa na yi ina yanka ganyen mangwaro ɗaya bayan ɗaya. Sannan na rufe da maganar da na yi mako ina haddacewa.

"Iyayena, kowa a nan zai ga kansa da ainihin girmansa. Ban ƙara wa kowa ba, ban rage wa kowa ba. Yadda kuke a idonmu, haka na buga ku."

Aka yi tafi. Na kama bakin leshi na ja.

A hagu ga Baba tsaye ƙiƙam da babbar rigarsa, ga Mma, ga Yaya, kowa cas. A dama kuwa sai da na sunkuya kafin na gan su. Dangin ango kaf, mutum goma sha wani abu, sun taru a gindin dakali kamar 'yan tsaki. Alhaji Napari, mutumin da sai ya duƙa yake shiga ƙofar shagonsa, bai wuce tsawon yatsana ba. Da hularsa da komai bai kai ɗamarar Baba ba. 'Yar ƙanwar Mma mai shekara huɗu ta kere shi da kai guda. Ango kuma yana tsaye kusa da amaryarsa, kansa bai wuce cinyarta ba.

Kiɗa ya tsaya. Mutum ɗaya ce ke tafi a duk wurin, Gwaggo Asibi.

Na ga uwar ango ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta laluba jakarta. Matan da ke bayanta su ma suka fara neman takalmansu. Baba yana ta goge goshi da hannun riga. Amma abin da ya fi kashe ni shi ne Yaya Rahi. Ba ta harare ni ba, sunkuyar da kai kawai ta yi, na ga hawaye ya ɗiga a kan lallen hannunta. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, don na san in matan nan suka fita daga kanofin nan, Yaya za ta shiga gidan da ba mai amsa gaisuwarta.

Sai Alhaji Napari ya miƙe. Ya daɗe yana miƙewa, don akwai tsawo. Ya tako har gaban tebur, ya sa tabarau, ya ɗauki kansa da yatsu biyu ya kai kusa da ido.

"Wannan ni ne?"

Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba. Na ce, "Baba Alhaji, ku yi haƙuri. Ku da inci kuka auna, mu da santimita, ni ce ban faɗa ba. Wallahi ba raini ba ne." (Lasifikar tana hannuna har lokacin, saboda haka har masu sayar da ruwa a bakin titi sun ji.)

Ya juya ɗan kwalin ya duba bayansa, ya sake juyowa. "Hular ya fito da kyau," ya ce. "Har zaren batakarin ana gani. Wa ya yi aikin?"

"Ni ce."

"Ke Moshi ce ko?"

Na ce e.

Ya juya wajen mutanensa ya ɗaga hannu. "Dagomba, ku zauna. Ina za ku? Aikin jikoki ne."

Wanda bai san nan ba, bari in gaya masa: a wurinmu Moshi jikokin Dagomba ne, akwai wasa tsakani tun zamanin da, kuma abin da jika ya yi wa kaka ba a kai shi zuciya. Ni a ruɗewata na manta da wannan sam. Alhaji bai manta ba. Ya ɗaga ɗan kwalin sama yadda kowa zai gani.

"Tun kakanninmu Moshi suna so su fi mu tsawo. Allah bai ba su ba. Yau sun kai ƙara wurin mashin."

Wani tsoho a dama ya fara ƙyalƙyalewa, sai wurin ya ɗauka. Baba, da na zaci ya suma a zaune, sai ga shi ya miƙe yana gyara riga. "Kaka," ya ce, "tsufa ne ya ƙanƙantar da kai, yarinya abin da ta gani ta buga." Nan fa aka kaure, wannan ya jefa wancan ya rama, makaɗa suka samu abin yi. Uwar ango ta ajiye jaka ta zo tana neman kanta a gindin dakali. Da ta samo, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ko ba komai an rage mata ƙiba. Ta wuce ta zauna kusa da Yaya Rahi, ta goge mata fuska da bakin mayafinta, tana cewa amarya ba ta ɓata kwalli saboda shirmen ƙanwa.

Amma ban tsira haka nan ba. Alhaji ya yanke min tara a gaban jama'a: ƙwaryar goro, kuma in zo da ƙafata har Gumbihini in auna kowa da hannuna, in sake bugawa.

Na je bayan biki da mako guda. Yaya ce ta kawo min ruwa, tana ta shiga da fita a tsakar gidan kamar a nan aka haife ta. Aka jera min dangi a shagon ɗinki, na auna su ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Alhaji sai da aka kawo min benci na hau. Ina miƙa hannu saman hularsa na ji yana ƙara tsawo a hankali. Na saci kallon ƙasa, sai na ga dattijo ya yi ɗage, dugadugansa sun bar siminti. Duk telolin shagon sun gani, kowa ya duƙufa kan kekensa. Na karanta lambar da ƙarfi, na rubuta ta yadda ta zo.

Sabon aikin yana nan cikin gilashi a shagonsa, kuma duk wanda ya zo awo sai an nuna masa, a ce jikarmu ce ta yi. Daga nan na samu aikin biki huɗu da na wata makaranta, har na fara ɗaga wa mutane hanci kaɗan.

Yanzu duk wanda ya turo min lamba tsirara, ba inci ba santimita, mayar masa nake yi ko limamin unguwa ne. Na daina yi wa mai firinta tsawa, na kuma daina karɓar lasifika kafin in leƙa ƙarƙashin leshi. Awo da hannuna nake yi, kuma ba na yarda da kuskuren ko rabin santimita. Sai dai in surukin gidanmu ne a gaban tef, to sama nake kallo, ba na kallon ƙafarsa.