Bargon Surukina a Cikin Inji

Tun garin nan ana kiransa Abuja, kafin babban birnin tarayya ya karɓi sunan, nake da wata tsohuwar a-kori-kura mai wuyar ɗaukar zafi. In na tayar da ita da safe, sai na karya, na yi aski, allurar zafin ba ta motsa ba. Istifanus bakanike ya ce, "Maigida, wani ɗan ƙarfe aka cire mata a hanyar ruwa, kawo in mayar." Na ce ni da na reni 'ya'ya tara ba za a koya mini maganin sanyi ba.

Ranar da zan kai surukina garin Izom da ragon sunan jikansa, na saci bargonsa na lulluɓe lagireto, na rufe murfi. Nan take allura ta miƙe. Na ce, "Baba, ka ga aikin ilimi?"

Muna isa Diko sai ilimin ya fara tafasa. Tururi ya turnuƙe, masu doya suka watse, rago ya ɓarke da kuka. Baba ya leƙa, ya jawo bargon da yatsa biyu, baƙi ƙirin.

"Malam, wannan ba nawa ba ne?"

"Ai kamar mai jego take, Baba, ba ta son iska."

Da ƙafa muka ƙarasa, ni ke jan rago, sai bayan azahar aka yanka. Har yau in na ratsa tasha, Istifanus sai ya miƙe da ladabi ya ce, "Ungozoma, yaya mai jego?"